Yadda Ake Neman Bizar Ziyara ta Ƙasashen Shengen Daga Najeriya, Mataki-Mataki

Kusan kowane mako sai wani ya tare ni da wannan tambaya. Wani ɗan kasuwa ne da zai je baje-kolin injuna a Jamus, wata uwa ce da 'yarta ta haihu a Faransa tana son zuwa ganin jika, wani kuma malamin jami'a ne da aka gayyata taro a Italiya. Tambayar dai ɗaya ce: ta ina zan fara, nawa zan kashe, kuma me ya sa ake hana mutane? Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya, in bi ta daki-daki.

Kafin mu shiga matakan, riƙe wannan. Jami'in da zai duba takardunka bai san ka ba, bai san gidanku ba, bai san irin mutuncin da kake da shi a unguwa ba. Takarda kawai yake gani. Kuma abu uku yake nema a cikinta: me zai kai wannan mutumin, wa zai biya kuɗin tafiyar, kuma zai koma gida idan lokacinsa ya cika? Duk takardar da za ka saka a fayil, ɗaya daga cikin waɗannan ukun take amsawa. Idan takarda ɗaya ta saɓa wa 'yar'uwarta, an gama.

1. Tabbatar da irin bizar da kake buƙata

Yankin Shengen ƙasashe 29 ne na Turai da suka cire shingen bincike a tsakaninsu, biza ɗaya ke shigar da kai dukkansu. Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Holand, Beljiyam, Poland da Girka duk suna ciki. Suwizalan, Norway, Iceland da Liechtenstein ma suna ciki duk da ba sa cikin Tarayyar Turai. Bizar da muke magana a kanta ita ce ta gajeren zama, mai alamar harafin C. Ba ta ba ka damar zama fiye da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba bizar neman aiki ba ce. Wanda zai yi karatun digiri, ko aiki, ko komawa wurin miji da zama, bizarsa mai harafin D ce, hanyarta daban.

Hattara: Birtaniya ba ta cikin Shengen, haka Ireland da Cyprus. Idan tafiyarka ta haɗa Paris da Landan, biza biyu za ka nema a wurare biyu.

2. Gano ƙasar da za ka nema a wurinta

A nan mutane da yawa ke fara karkacewa. Ba zaɓi ba ne na ganin dama. Idan ƙasa ɗaya za ka je, ofishin jakadancinta za ka nufa. Idan ƙasashe biyu ne ko fiye, sai ka nemi ta ƙasar da ainihin dalilin tafiyar yake, ko wadda za ka fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun yi daidai, sai ƙasar da za ka fara shiga.

Za ka ji ana cewa ƙasa kaza ta fi sauƙin bayarwa, ka nema a can, in ka samu sai ka wuce inda kake so. Kada ka bi wannan shawarar. Ƙasashen nan rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, kowa na ganin abin da ka nema a baya da amsar da aka ba ka. Mutumin da ya karɓi bizar wata ƙasa da sunan yawon buɗe ido, aka gan shi a filin jirgin wata ƙasar da tikiti da masaukin da ba su da alaƙa da ƙasar da ta ba shi, ana iya mayar da shi daga nan, a soke bizar.

Yawancin ofisoshin jakadancin ba sa karɓar takardu da kansu. Sun ɗora wa kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact, masu cibiyoyi a Abuja da Legas. Shiga shafin intanet na ofishin jakadancin ƙasar da kanta, shi zai nuna maka kamfanin da yake aiki da shi yanzu da garin da za ka je, don sukan sauya. A shafin ne kuma za ka sauke jerin takardun da ake nema. Buga wannan jerin a takarda, shi ne madubinka har ka gama.

3. Fasfo, da maganar suna

Sharuɗɗan fasfo uku ne. Ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce. Ya zama yana da sauran aƙalla wata 3 kafin ya ƙare, a lissafa daga ranar da za ka baro Turai, ba ranar da za ka shiga ba. Sannan ya zama da aƙalla shafi biyu da babu komai a kansu. Idan fasfonka ya kusa ƙarewa, fara sabunta shi kafin komai. Tun daga 1 ga Satumba 2025, fasfon Najeriya mai shafi 32 na shekara 5 Naira dubu 100 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira dubu 200, ga wanda ya nema a cikin gida. Sai da lambar NIN ake yi, kuma bayanan da ke kanta su za su hau fasfon.

Yanzu ga matsalar da ta fi damun mutanenmu, kuma ba kasafai ake faɗa ba. Ɗauko fasfonka, katin NIN, takardar banki, takardar wurin aiki da takardar aure, ka jera su a kan tabarma ka duba sunanka harafi-harafi. Za ka iya tarar da Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Muhammed a takardar aiki. A wata takardar sunan mahaifi ne a gaba, a wata sunan gari aka ƙara a ƙarshe. Matar aure kuma sau da yawa fasfonta da sunan mahaifinta, asusunta da sunan mijinta. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin jami'in biza, sai ka nuna masa hakan. Abin da za a iya gyarawa a banki ko a ofis, gyara shi ya dace da fasfo tun da wuri. Wanda ba zai gyaru ba, yi takardar rantsuwa a kotu ka haɗa. Haka ranar haihuwa: idan fasfo ya ce 1 ga Janairu, to kowace takarda ta ce haka.

Idan kana da tsohon fasfo mai ɗauke da bizar Umara, Dubai, Masar, Indiya ko Sin, kada ka bar shi a gida. Shaida ce cewa ka taɓa fita ka dawo.

4. Lokaci, fom da ranar ganawa

Ana iya miƙa takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma a ƙa'ida ba a karɓa idan ya rage ƙasa da kwana 15. Shawarata ka fara neman ranar ganawa saura wata uku. Samun ranar shi ne babban cikas, musamman daga Mayu zuwa Agusta lokacin da masu hutu da ɗalibai ke cika cibiyoyin, da kuma dab da ƙarshen shekara.

Fom ɗin iri ɗaya ne a duk ƙasashen, wasu kuma a intanet ake cika shi, kamar Faransa da ke da shafin France-Visas. Cika shi da kanka. Idan Turanci ko kwamfuta na ba ka wahala, zauna kusa da mai cikawa, ya karanta maka kowace tambaya da amsar da ya rubuta kafin ka sa hannu. Sa hannunka ne a ƙasa, kai za a tuhuma da abin da ke ciki. Lambar waya da adireshin imel su zama naka, ba na mai shagon kwamfuta ba, don ta nan ake aiko saƙo.

Hattara: akwai masu kame ranakun ganawa suna sayarwa da tsada, akwai kuma shafukan bogi masu kama da na gaskiya. Ta shafin ofishin jakadanci kawai za ka bi ka shiga na kamfanin. Kuma duk wanda ya ce maka yana da mutum a ciki, biza tabbas ce in ka biya kaza, ƙarya yake yi. Ma'aikatan cibiyar karɓar takardu kansu ba su da ta cewa a hukunci. Tattarawa suke yi su miƙa, ofishin jakadanci ke yankewa.

5. Takardun dalilin tafiya da masauki

Ɗan kasuwa na buƙatar takardar gayyata daga kamfanin da zai ziyarta, mai ɗauke da sunansa, ranaku da dalilin zuwa, ko shaidar rajistar shiga baje-koli. Idan akwai tsohuwar hulɗa, haɗa da rasitan ciniki da wasiƙun da kuka yi musaya. Mai zuwa taro ya kawo gayyata da jadawalin taron. Mai neman magani ya kawo rahoton likitansa na gida, wasiƙar asibitin can da ta amince za ta karɓe shi, da ƙiyasin kuɗin aikin.

Mai ziyarar dangi kuwa, wasiƙar hannu daga ɗan'uwa ba ta wadatarwa a ƙasashe da yawa. A Faransa mai masaukinka zai je ofishin magajin garin da yake zaune ya karɓo takardar da suke kira attestation d'accueil, ya aiko maka da ta asali, ba hoto ta WhatsApp ba. A Jamus akwai takardar ɗaukar nauyi, Verpflichtungserklärung, da ake yi a ofishin kula da baƙi, inda mai gayyata ke sa hannu cewa ya ɗauki nauyin kuɗin zamanka. Waɗannan na cin lokaci, don haka ka sanar da mai masaukinka tun farko. Haɗa da kwafin fasfonsa ko katin izinin zamansa, da abin da ke nuna dangantakarku, kamar takardar haihuwa.

Idan otal za ka sauka, kama ɗaki na kowane dare na tafiyar, kada a bar kwana ko ɗaya babu masauki. Nemi irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba.

Sannan rubuta gajeruwar wasiƙa, shafi ɗaya: ni wane ne, sana'ata kaza, zan je wuri kaza daga rana kaza zuwa kaza saboda kaza, wane ne zai biya, ga abin da zai dawo da ni. Ba a son dogon Turanci. Ranakun da ke cikinta su zama su ne a fom, a gayyata, a otal, a tikiti da inshora.

6. Shaidar kuɗi

A nan zan daɗe, don a nan aka fi faɗuwa. Ana neman bayanan asusunka na banki na watannin baya, galibi wata uku zuwa shida gwargwadon ƙasar, masu hatimin banki. Mutane sun ɗauka adadin da ke ƙasan shafin ƙarshe ake dubawa. A'a. Tafiyar kuɗin ake karantawa: daga ina suke shigowa, yaushe, kuma sun yi daidai da sana'ar da ka ce kana yi?

Wani ɗan'uwana mai harkar fata a Kano ya so zuwa baje-kolin fata a Milan. Mutum ne mai rufin asiri sosai, amma cinikinsa rabi a hannu yake, kuɗi na shiga aljihu su fita ba su ga banki ba. Wani eja ya duba asusunsa ya ce bai yi nauyi ba, ya zuba masa miliyoyi na aro saura kwana huɗu a buga takardar banki, da sharaɗin a mayar bayan an miƙa, ya kuma karɓi ladansa. Na ga takardar da idona: wata biyar ana shige da fice na dubu ɗari biyu, dubu ɗari uku, sai kwatsam layi ɗaya mai sifili shida daga sunan da ba shi da alaƙa da fata. Aka hana shi. Abin ya yi masa ciwo, don ba ƙarya yake yi ba game da tafiyar, kuma da kuɗinsa na halal zai iya biya. Bayan wata bakwai ya sake nema. A tsakanin ya riƙa sa abokan cinikinsa suna biya ta asusu, ya ajiye rasitai, ya haɗa takardar rajistar kasuwancinsa. Kuɗin da ke ciki bai kai rabin na farko ba, amma kowace Naira da asalinta. Ya samu.

Saboda haka, idan kai ɗan Kantin Kwari ne ko Singa ko wata kasuwa da ake ciniki hannu da hannu, fara gyara asusunka wata shida kafin tafiya. Idan wani babban kuɗi ya shigo da gaske, ka sayar da fili ko mota ko an raba gado, haɗa takardar cinikin ka yi bayani a wasiƙarka. Ma'aikaci ya kawo asusun da albashi ke shiga, tare da takardun albashi na watannin baya. Mai kamfani ya kawo na kamfani da nasa na kansa, da takardar rajista ta CAC da shaidar biyan haraji.

Nawa ya isa? Kowace ƙasa da ma'auninta na kuɗin kashewa a rana. Faransa, alal misali, tana lissafa Yuro 65 a rana ga mai shaidar kama otal, Yuro 120 ga wanda ba shi da ita, da Yuro 32.50 ga mai takardar masauki daga magajin gari. Ninka da kwanakinka, ka ƙara kuɗin jirgi. Sannan ka tambayi kanka: in an cire wannan duka, akwai abin da ya rage na cefanen gida? Mutumin da tafiyar mako biyu za ta cinye duk abin da ya mallaka, jami'i zai yi shakkar cewa ziyara ce kawai.

Idan wani ne zai biya, miji ko ɗa ko ma'aikata, sai ya rubuta takardar ɗaukar nauyi ya sa hannu, ya haɗa bayanan asusunsa da shaidar dangantaka. Hajiyar da ba ta aikin albashi ba ta da abin jin kunya a nan. Ta rubuta gaskiya, matar gida ce, ɗanta ne zai biya. Wannan ya fi a ƙirƙira mata kamfanin da babu shi.

Hattara: ofisoshin jakadanci na tuntuɓar bankuna, otal-otal da wuraren aiki don tabbatarwa. Takardar bogi ɗaya na rusa sauran na gaskiya, kuma tabon na bin ka zuwa nema na gaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

7. Shaidar cewa za ka dawo

Ma'aikaci ya kawo wasiƙa daga wurin aiki mai nuna muƙaminsa, shekarar da ya fara, hutun da aka ba shi da ranar da zai koma bakin aiki. A sa lambar wayar da in an kira za a ɗauka, kuma wanda zai ɗauka ya san da maganar. Ɗalibi ya kawo wasiƙar makaranta. Takardar aure, takardun haihuwar yara, takardun gida ko gona ko shago, duk suna nuna akwai abin da ya ɗaure ka a gida. Da yawanmu an ɗaura mana aure a masallaci ko a zaure ba tare da takarda ba. Ana iya samun shaidar aure daga kotun shari'a ko ƙaramar hukuma, a nema tun da sauran lokaci.

Yaron da bai kai shekara 18 ba, in zai yi tafiya da ɗaya daga cikin iyaye ko da wani, sai da takardar amincewar wanda ba ya cikin tafiyar, da kwafin katin shaidarsa.

8. Inshora, tikiti da hoto

Inshorar lafiya ta tafiya dole ce. Ta kai aƙalla Yuro dubu 30, ta yi aiki a duk ƙasashen Shengen, ta rufe dukkan kwanakin zamanka, ta haɗa da jinyar gaggawa, kwanciya asibiti da dawo da mutum gida in ya yi rashin lafiya ko ya rasu. Wasu ofisoshin na da jerin kamfanonin da suke karɓa, duba kafin ka biya.

Tikiti kuwa, shaidar kama kujera ta zuwa da dawowa ake nema. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon 45, sabo wanda bai wuce wata shida ba, bango mai haske. Mace na iya ɗauka da hijabinta, muddin fuska ta fito sarai daga haɓa zuwa goshi da gefe biyu. Namiji ya cire hula.

9. Ranar miƙa takardu

Kuɗin biza tun daga 11 ga Yuni 2024 Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. Ana yafe wa ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu a tafiyar karatu, da masu binciken kimiyya. Da Naira ake biya bisa canjin da ofishin ya sa. Ban da wannan akwai ladan kamfanin da ke karɓar takardu, wanda a ƙa'ida ba ya wuce rabin kuɗin bizar. Za a yi maka tayin ƙarin hidimomi, ɗakin jira na musamman, saƙon waya, kawo fasfo har gida. Na kawo fasfo yana da amfani ga wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, don ya hutar da shi dawowa. Sauran ba sa ƙara wa takardunka nauyi ko kaɗan. Sa kuɗin mota da kwana a Abuja cikin lissafi. In ganawarka ta safe ce, kwana a garin, kada ka dogara da hanya ko jirgin ƙasan Rigasa a ranar.

Jera takardu yadda jerin ofishin ya tsara, na asali a gefe, kwafi a gefe. Ajiye wa kanka kwafin komai. Za a ɗauki hoton yatsunka goma, ban da yaran da ba su kai shekara 12 ba. Idan an taɓa ɗauka cikin wata 59 da suka wuce, ana iya amfani da na baya.

Hattara, musamman mata: lalle a kan yatsu na iya hana na'ura karanta zanen. Idan akwai biki a gaba, a jinkirta ƙunshi har a dawo daga cibiyar, in kuma an riga an yi, a ba shi lokaci ya kode.

Idan ma'aikacin ya ce wata takarda ta yi ƙaranci amma kana iya miƙawa a haka, ka sani da abin da ka miƙa za a yi hukunci. Kuɗin biza ba a mayarwa ko an hana.

10. Jira, da karanta amsa

A ƙa'ida kwana 15 ne, yana iya kaiwa 45 in ana son ƙarin bincike. Bar wayarka a kunne, ana iya kira ko a nemi ka zo hira. In an tambaye ka, faɗi abin da ke cikin takardunka, kada ka ƙara gishiri.

Da fasfo ya dawo, buɗe shi nan take ka duba suna da lambar fasfo. Sannan abu uku da ake rikitawa: ranar da bizar ta fara da ranar da za ta ƙare, adadin kwanakin da aka yarda ka zauna, da yawan shiga, wanda ake rubutawa 01, 02 ko MULT, wato sau ɗaya, sau biyu ko sau da yawa. Biza na iya zama mai wa'adin wata ɗaya amma kwana 12 kawai aka ba ka a ciki. Kwana 12 ɗin su ne naka, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Mai 01 in ya fita yankin Shengen, ko da zuwa Landan ne na kwana biyu, ba zai sake shiga da ita ba.

Idan an hana, za a ba ka takarda mai jerin dalilai da alama a kan wanda ya shafe ka, tare da bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara da wa'adinsa. Kowace ƙasa da tsarinta. Babu dokar da ta ce sai ka jira wani lokaci kafin ka sake nema, amma mayar da takardun jiya ba tare da gyara ba asarar Yuro 90 ce ta biyu. Karanta dalilin, gyara shi. Kuma kada ka sauya fasfo don ɓoye hanin, yatsunka na rumbunsu.

11. A bakin iyaka

Biza izinin zuwa ƙofa ce, jami'in iyaka ke buɗewa. Ana binciken ne a ƙasar Shengen ta farko da ka sauka. Mai zuwa birnin Rum na Italiya ta hanyar Frankfurt ta Jamus, a Frankfurt zai amsa tambayoyi. Riƙe a jakar hannu, ba a akwatin da aka auna ba: tikitin dawowa, shaidar otal ko takardar masauki ta asali, gayyata, inshora, da kuɗi ko katin banki mai aiki a waje. Rubuta adireshi da lambar mai masaukinka a takarda, don waya na iya mutuwa. Tun daga 12 ga Oktoba 2025 aka fara shigo da sabon tsarin da ke rubuta shiga da fita a kwamfuta tare da hoton fuska da yatsu a madadin hatimi, don haka ko kwana ɗaya ka ƙara, na'ura za ta nuna.

Wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da suka kai Yuro dubu 10 ko kwatankwacinsu, dole ya bayyana wa kwastan. Ba laifi ba ne ɗaukar su, ɓoyewa ce laifi.

Sai maganar tsaraba. An hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk suna ciki. Na san da wuya uwa ta je wurin 'yarta mai jego hannu babu kilishi, amma ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Kuka, kuɓewa busasshiya da yaji da aka daka aka ɗaure da kyau sun fi sauƙin wucewa.

Hattara: mai fasfon Najeriya ko na Ghana da zai sauya jirgi kawai a filin jirgin wata ƙasar Shengen kan hanyarsa ta zuwa wani wuri, shi ma yana buƙatar bizar yada zango mai harafin A, sai in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai ingantacciyar bizar Amurka, Kanada ko Japan. Tambayi kamfanin jirgin kafin ka sayi tikiti. Katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, shi ma ka tafi da shi. Ba ya cikin sharuɗɗan wannan bizar, amma wasu ƙasashen da ake yada zango na tambaya, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki.

12. Fita a kan lokaci

Fito kafin kwanakinka su cika, ka bar tazarar kwana ɗaya ko biyu saboda jirgi na iya ɓata lokaci. Idan ciwo ko wani abin da ya fi ƙarfinka ya tsare ka, je hukumar kula da baƙi ta garin da kake kafin bizar ta ƙare, da takardar likita a hannu, ka nemi ƙari.

Mai bizar MULT ya iya lissafin 90 cikin 180. A duk ranar da kake can, waiwaya baya kwana 180 ka ƙirga kwanakin da ka yi a yankin. In ka yi kwana 60 a Maris da Afrilu, ka koma a Yuni, kwana 30 suka rage maka, ba sabon 90 ba.

Akwai riba a bin ƙa'ida. A tsarin bizar, wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su daidai cikin shekara biyu, ana iya ba shi mai shiga da yawa ta shekara ɗaya. Daga ita sai ta shekara biyu, sannan ta shekara biyar, muddin fasfonsa na da sauran wa'adin da zai ɗauke ta, abin da ya sa fasfon shekara 10 ya fi dacewa da mai yawan tafiya. Da ka dawo, haɗa katin shiga jirgi, rasitin otal da kwafin takardun da ka miƙa a ambulan ɗaya, ka ajiye tare da tsohon fasfo. Su za ka fara ɗaukowa ranar da za ka sake nema.